Na Ce a Bar Baba Ya Tashi da Kansa

Zuwa ga Tanti Rashida,

Assalamu alaikum. Tanti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya ɗau zafi. Duk wanda na kai wa kukana a garin nan na Diffa abu ɗaya yake ce mini: ki yi haƙuri, ki je ki ba yayanki haƙuri. To ni haƙurin nan ya kai mini iya wuya. In ke ma shi za ki ce in yi, ki haɗa mini da dalili, don ni malama ce, ko ɗalibina ba na karɓar amsarsa babu dalili.

Ni mace ce, na haura talatin, da mijina da yarana. Ina koyarwa a matakin jami'a, ba zan faɗi sunan makarantar ba don ba ruwanta da wannan magana. Abin da nake koyarwa shi ne ilmin motsin jikin ɗan Adam: yadda ƙashi da tsoka da jijiya ke haɗa kai har mutum ya tashi, ya zauna, ya taka, ya ɗauki kaya. A gidanmu har gobe malamar guje-guje suke ce mini. Wannan bai taɓa hana ni barci ba, su yi ta faɗa.

Mahaifina Baba Ari manomin tattasai ne daga wani ƙauye a bakin Komadugu, can wajen Geskeru. Dogo ne, mai saurin tafiya, in kuka fita tare sai kin haɗa da sassarfa. Lokacin da rikici ya tashi ƙauyenmu, da ƙafarsa ya iso Diffa, yana gaba iyali na biye. Mahaifiyarmu ta rasu, don haka a gidan babban yayana, Yaya Kalli, yake zaune. Bayan babbar sallar da ta wuce tansiyo, wato hawan jini, ta buge shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bakinsa ya ɗan karkace, magana na fita da nauyi, amma hankalinsa garau yake, har tsiyarsa ta da tana nan.

Ranar da aka sallame mu daga asibiti, likita ya ce a dinga motsa shi, kada a bar shi a kwance. Mai gasa ƙashi na asibitin, wanda muke ce wa kine, ya nuna mana abin da za a yi. Ina tsaye aka faɗa, Yaya Kalli ma yana tsaye. Amma muna isa gida sai na gane ni kaɗai na ji "motsi", sauran duk "hutu" suka ji.

Kin san mu, Tanti. Tsoho ba ya miƙa hannu ya ɗauki buta alhali da yaro a wurin. Da Baba ya kalli kofi, an sa masa a baki. Da ya gyara zama, mutum uku sun taso, wannan ya kama hannu, wancan ya kama kafaɗa, sun ɗaga shi cak kamar buhun tattasai. Su a wurinsu ladabi ne da neman albarka. Ni kuwa ina kallo na san ƙafarsa ake kashewa, don gaɓar da aka daina tambayarta aiki mantawa take yi da aikin. Kuma watannin farko bayan irin wannan ciwo su ne jiki ya fi saurin koyo. Wannan ba ra'ayina ba ne, abin da nake tsayawa gaban aji ina koyarwa ke nan.

Bari in ɗan kauce in gaya miki yadda nake aikina, don sai da shi za ki gane sauran. Littattafan da muke koyarwa da su daga Turai suka zo, kuma duk inda aka ce "tashi daga zaune", kujera za ki gani. Kujera a shafin farko, kujera a shafin ƙarshe. Don Allah Tanti, a gidan wa a kwarin nan tsoho ke wuni a kan kujera? A tabarma muke cin abinci, a tabarma muke karɓar gaisuwa, a ƙasa muke salla, a tsugune muke kewayawa. Mutumin da aka koya wa tashi daga kujera kaɗai, a garinmu ba a koya masa kome ba. Shi ya sa a ajina ake tuɓe takalmi a shimfiɗa tabarmi. Samari da 'yan mata da gilasansu da jakunkunansu, kowa sai ya zauna a ƙasa ya tashi, ya gaya mini wace gaɓa ce ta fara aiki, ina nauyinsa ya koma, wace ƙafa ta ɗauka. Tunda littafi bai kawo mana hoton mutanenmu ba, ni nake ɗauka da salulata: mata suna tsinkar tattasai a sunkuye, masunci yana taka jirgi, mai ɗauke da tulu tana hawan gangaren kogi. Kowa sai na nemi izininsa. Waɗannan ɗalibai su ne gobe za su riƙe filayen wasa da makarantu, wasu su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masu gasa ƙashi. Ba na so su fita sun san jikin Bature sun jahilci jikin kakanninsu.

To yaya za a yi in koya wa 'ya'yan mutane wannan, in bar ubana a kwance? Sai na fara biyowa ta gidan Yaya in na tashi daga aiki. Na kife wa Baba turmi kusa da tabarmarsa. Na koya masa ya juya a gefe, ya tokare da hannun da ke da lafiya, ya hau gwiwoyinsa, ya kawo ƙafar dama gaba, ya dafa turmi, ya miƙe. Ni ina tsaye ta ɓangaren hagu, hannuna a ƙugunsa, ba na ɗaga shi, tsaro kawai nake yi kada ya faɗi. Da farko gumi ne kawai da nishi. Amma Baba ya so abin, wallahi ya so shi. Shi ya sa wa abin suna lakkol, wato makaranta, ni kuma ya koma ce mini Madam. Da ya ji sallamata sai ya ce, "Ga Madam nan, a kawo turmi." In ya kai kan gwiwa ƙarfi ya ƙare, sai ya daka wa kansa tsawa da yarenmu na Kanuri, "Tashi, Ari! Wa kake jira?"

Gidan kuwa kamar ana zaman makoki. Matar Yaya takan shige ɗaki, ta ce ita ba za ta iya kallon surukinta yana rarrafe ba. Yaya Kalli ya ce na mai da dattijo jariri. Na ce musu ba rarrafe ba ne, hanyar tashi ce. Na kuma ce, duk abin da za ku yi, kada wanda ya ja shi ta hannun hagu. Na faɗa, na sake faɗa, har muryata ta gaji. Dalili shi ne, tsokar da ke riƙe kafaɗa a wannan ɓangaren ta saki, hannun a rataye yake kawai. In aka ja shi da nauyin mutum, gaɓar na iya zamewa, ciwo ya zauna masa wanda zai hana shi barci ya hana shi motsi.

Sai ranar da mutanen tsohon ƙauyenmu suka zo dubiya. Dattawa ne, sun cika rumfa. Aka kira la'asar, Baba ya juya a gefe ya fara hawa gwiwa yadda ya saba. Na ga fuskar Yaya ta canza, kunya ta kama shi a gaban baƙi. Ya yi wuf ya cafki hannun Baba na hagu ya finciko shi sama. Tanti, na ga idon Baba. Bai yi ƙara ba, irinsu ba sa yi, amma na ga yadda ya ciji leɓe. Ban san lokacin da na kai wa hannun Yaya duka ba, na ce, "Sake shi!" Ƙarar dukan kowa ya ji ta. Ƙanwa ta bugi hannun yayanta, a gidansa, a gaban maza.

Abin da ba wanda ke faɗa in ana ba da labarin nan shi ne abin da ya biyo baya. Baba ya dafa turminsa ya miƙe tsaye shi kaɗai, a gaban mutanen da suka zo da niyyar ganin gawa mai numfashi. Ya tsaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Wannan kowa ya manta da shi, dukan kawai aka riƙe.

Yaya ya daina amsa gaisuwata. Na ce oho, ba don shi nake zuwa ba.

Ana cikin haka sai ga magana ta biyu. Na taɓa ɗaukar Baba a salula yana wannan tashin, daga ƙirji zuwa ƙasa, babu fuska. Na tambaye shi ko in nuna wa ɗalibaina, ya yi dariya ya ce in nuna musu su ga babban ɗalibina. Na haska a bango a aji. Muryar da gangan na bar ta, don ina so su ji inda numfashi ke tsayawa da inda ƙarfi ke dawowa. Da aka zo wurin "Tashi, Ari!" ya miƙe, ajin gaba ɗaya ya ɗauki tafi. Wasu 'yan mata har da hawaye. Tunda na fara koyarwa ban taɓa yin darasin da ya shiga kamar wannan ba. Ranar ɗalibaina suka gane cewa gwiwa da ƙugu ba zane ba ne a takarda.

Ashe a cikinsu akwai wani Lurwanu, mahaifiyarsa 'yar ƙauyenmu ce. Ya gane muryar. Ba da mugunta ba, da murna ya je ya gaya mata Baba Ari ya tashi da kansa har sun tafa masa. Kafin maganar ta zagaya gidaje ta iso kunnen Yaya, ta koma wai na manna ubana a bango yana rarrafe ba riga, yara suna ta dariya da shewa. Innalillahi! Da rigarsa fes, kuma duk wanda ya yi dariya a ajina ranar, da sai ya bar mini ajin.

Aka kira ni gaban Baffa Maina, ƙanin Baba, shi ne babba yanzu. Ko zama ban gama yi ba ya yanke hukunci: in ba Yaya haƙuri a gaban dattawan da suka ga dukan, in goge hoton, sannan in cire hannuna daga jikin Baba. Gaisuwa kawai, in gaishe shi in tafi. Ya ce an kai ni lakkol don in yi hankali, sai na dawo ina gwada karatu a kan wanda ya haife ni. Na ce Baffa, a gafarce ni, ko ɗaya ba zan yi ba. Na ce in akwai mai ba da haƙuri, wanda ya kusa ɓalle wa Baba kafaɗa ne. Na tashi na fita.

Ban ce Yaya mugu ba ne. Shi ke yi wa Baba wanka, shi ke kai shi bayan gida, shi ke juya shi da safe. Shi ya bar karatu ya riƙe gona har ni na yi nawa. Na san wannan, ba sai an tuna mini ba, kuma an tuna mini ya fi a ƙirga. Amma don ya yi mini alheri sai in zuba ido ya gurgunta ubanmu da sunan ladabi? A kan me? Da namiji ne ya dawo da wannan ilmin, da tuni suna ce masa dokta suna yi masa shimfiɗa.

Yanzu makonni sun shige. An mai da turmi madafa. Ina zuwa in gaishe shi in zauna daga nesa kamar baƙuwa, idona kuwa ba ya iya daina aiki. Ina ganin tafin ƙafarsa na hagu ya fara lanƙwasa ciki, agararsa na ƙagewa, yatsun hannun sun fara dunƙulewa. Na san sunan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, na san abin da ke biye da shi. Da safe in tsaya gaban aji ina bayanin yadda tsoka ke gajarta in an bar ta, da yamma in je in kalli abin yana faruwa a jikin ubana. Ranar Juma'ar da ta wuce na durƙusa zan yi masa sallama, sai ya riƙe bakin mayafina da hannun dama, ya ce a hankali, "Madam, hutu aka yi ne?" Tanti, ban iya ba shi amsa ba. Sai da na kai bakin titi na fashe da kuka.

Ga abin da na ƙudura, kuma mijina ya ce kada in kuskura. In bari sai Yaya ya tafi kasuwar tattasai, in zo da mota in ɗauke Baba in kai shi gidana. In ya so duk abin da zai faru ya faru, su cire ni daga dangi in suna so. Haƙuri dai ba zan bayar ba, don ban yi laifi ba. Ki gaya mini gaskiya, in ɗauke shi ko kuwa? In kina da wata hanyar da ba sai na durƙusa na ƙaryata abin da na sani ba, ki nuna mini ita. Ƙafar nan ba za ta jira mu ba.

Taki,
Malamar Tabarma, Diffa

*

Wa'alaikumus salam, Malamar Tabarma.

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Kin nemi dalili, za ki samu, amma ki gyara zama don ba duka ne zai yi miki daɗi ba.

A kan motsa Baba, gaskiya na wurinki. Ni ba likita ba ce, amma likita ya faɗa, kine ya nuna, ke kuma sana'arki ce, kuma tsohon ya miƙe a gaban shaidu. Sharaɗin cewa ki cire hannunki daga jikinsa, kada ki karɓe shi, ko daga bakin Baffa, ko daga bakin wa. Ki ƙi shi da ladabi, amma ki ƙi shi. A nan ina bayanki ɗari bisa ɗari, kuma duk mai tsoho a kwance da ke karanta filin nan ya ji: ba duk hidima ce taimako ba. Ni kaina da na ga dattijo zai tashi, hannuna ke riga ni isa gare shi. Haka aka rene mu, kuma daga wasiƙarki na koyi cewa akwai hannun da ba a ja.

To amma ki lura da yadda na koya. Kin zauna kin yi mini bayanin tsokar kafaɗa tiryan-tiryan, ni da ba ki taɓa gani ba. Yaya Kalli fa? Kin ce kin faɗa, kin sake faɗa, har muryarki ta gaji. Malama, da ɗalibinki ne ya je gwajin koyarwa ya dawo ya ce miki "na faɗa musu sun ƙi ji", maki nawa za ki ba shi? 'Ya'yan mutane kin tuɓe musu takalmi, kin shimfiɗa musu tabarma, kin sa sun ji abin a jikinsu. Yayanki umarni kawai ya samu, daga bakin ƙanwarsa, a tsakar gidansa. A duk wasiƙarki ban ga ranar da kika kama hannunsa kika ɗora a ƙugun Baba kika ce masa nan ake riƙewa ba.

Ga tambayar da nake so ta hana ki sukuni. Tunda kika yi fushi, wa ke ɗaga Baba? Yaya ne, safe da rana da yamma, wanka da bayan gida. Ta wane hannu yake ɗaga shi? Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. Dukan da kika yi ya ceci kafaɗar nan sau ɗaya. Tsayawarki a kan bakanki ba ta kare ta ko sau ɗaya ba. Ke kina zuwa bayan aiki, shi yana nan kullum. Ko kin so ko kin ƙi, ƙafar Baba a hannun Kalli take, kuma shi ne ɗalibin da ya fi kowa muhimmanci a duk shekarun koyarwarki.

Don haka maganar mota ki ajiye ta. Mijinki ya yi gaskiya. Kin fi ni sanin cewa dattijo irin Baba Ari ba zai sake a gidan suruki ba alhali ɗansa na raye a gari ɗaya. Za ki samu ƙafar ki rasa zuciyar, kuma ke kika ce mini da tsawar da yake daka wa kansa yake miƙewa. Ga shi za ki bar wa Kalli tabon da ba zai goge ba, a ce an sace masa uba daga gida. Kuma idan kina aji, wa zai yi masa wanka?

Haƙuri kuwa, ki ba da shi, amma ki san na me kike bayarwa. Ba na hana jan hannu ba, wannan ko gobe aka sake ki sake hanawa. Na kunyar da ya sha ne. Mutumin nan ya ga dattawan garinsu suna kallon ubansa a kan gwiwa, ya taso don ya rufa masa asiri, sai ya samu duka a gabansu. Bai san yana cutarwa ba. Ki je gaban Baffa ki ce, Yaya, na ɗaga maka hannu a gaban mutane, wannan bai dace ba, ka yafe mini, tsoro ne ya kama ni don hannun nan in an ja shi yana iya gocewa, ka ba ni dama in nuna maka. Ki duba da kyau, babu inda kika ƙaryata iliminki a cikin wannan magana. Ba ki ce kin yi kuskure a kan kafaɗa ba. Kin ce kin yi kuskure a kan yaya, kuma kin yi.

Sai hoton. Na yarda Baba ya ba ki izini. Amma ya taɓa ganin abin da idonsa? Ya san a bango za a haska shi, gaban aji cike? Kin ɓoye fuska kin bar murya, a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne. Murya ma fuska ce, 'yata, ki riƙe wannan don gaba, a kansa da a kan matan gonar tattasai. Yanzu dai kowa ya yi magana a kan hoton nan, ke da Kalli da Baffa da matan unguwa, ban da mai shi. Kin ce hankalinsa garau. To ki kai salular gabansa, Baffa na zaune, Yaya na zaune, ki kunna. Su ga rigarsa a jikinsa, su ga ba abin dariya a ciki, ƙaryar da aka yaɗa ta mutu a wurin. Sannan ki tambaye shi a gabansu, a bari ko a goge. In ya ce a goge, ki goge nan take ba gardama, darasinki ba zai rushe don hoto ɗaya ba. In ya ce a bari, ba wanda zai ɗaga murya sama da tasa. A zaman nan ki ƙara masa tambaya ɗaya: Baba, kana son a ci gaba da lakkol? Ki yi shiru ki bar shi ya amsa da bakinsa, kome nauyin maganar.

Bayan haka ki sassauta a inda sassauci ba ya cutar da ƙafa. A mai da turmi cikin ɗaki ko bayan zana, kada a yi a gaban suruka da baƙi har sai ya ƙware. Mutuncin tsoho ma wani ɓangare ne na lafiyarsa. Ki roƙi Yaya ya raka ku wurin likita a sake duba kafaɗar da ƙafar, ya ji da kunnensa. Na san zai yi miki ciwo a ce sai namiji mai farar riga ya maimaita maganarki sannan a yarda. Ciwon gaskiya ne, ban raina shi ba. Ki haɗiye shi wannan karon, akwai ranar yin wannan faɗan. Sannan ki ba Kalli wurinki, ɓangaren hagu, hannunsa a ƙugun Baba, ke ki koma gefe kina gyara masa. Ranar da Baba ya miƙe a hannun ɗansa, shi zai fi kowa yawo da labarin a kasuwar tattasai.

In kin yi duk wannan suka ce har yanzu a'a, ki sake rubuto mini, kuma ki nemi likitan ya yi magana da Baffa kai tsaye. Amma ban zaci za a kai nan ba, don duk gidan nan mutum ɗaya kuke so.

Zuciyarki za ta iya jira ta huce a hankali. Agarar nan da kika ce tana ƙagewa ba za ta jira ba, ke kika faɗa, kuma kin fi ni sani. Kada ki bari sai Juma'a, ki je gobe. Tsohon nan ya yi miki tambaya kin fita ba ki amsa ba, kuma yana nan kwance yana sauraron sallamarki. Ki je ki ce masa hutu ya ƙare, an koma lakkol, kuma an samu sabon ɗalibi.

Allah ya miƙar da Baba Ari a kan ƙafafunsa, ya daidaita tsakaninki da yayanki, ya sa albarka a ajinki da tabarminsa.

Tanti Rashida